Kujera Ɗaya a Jirgin Sojoji

Hannun matar Kofur na cikin kumfa, tana cuɗa zanen gado na uku tun wayewar gari, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Allah sarki! Shekara uku ke nan baiwar Allah tana jinyar uwar mijinta, Inna, wadda ɓarin jikinta ya shanye har magana ta gagare ta. Ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, ita ce wanki, ita ce ba da abinci a baki, ga miji can bakin daga wata takwas, sai an yi sa'a ake jin muryarsa a waya. Ta goge hannu a zani ta buɗe, sai ga sojoji biyu sun cire hula...

"Kwantar da hankalinki, yana da rai," in ji babban cikinsu, ganin ta dafe bango. "Motarsu ce ta taka nakiya, ƙafarsa ta karye wuri biyu, yana asibitin sojoji. Ofishin kula da iyalai ya ba da kujera ɗaya a jirgin jibi, mutum ɗaya zai je jinya. Ga takarda."

Innalillahi! Ta yi kuka har ta gode Allah. Ana wata ga wata, kafin azahar sai ga yayar Kofur ta faɗo gidan kamar an jefo ta, wadda duk barikin ke kira Yaya Rediyo saboda bakinta ba shi da makashi. Matar da rabonta da ɗakin uwarta tun kwanciyar tsohuwar, yau ita ce tun daga ƙofar bariki take zabga ihu, hannu bibbiyu a ka, ido kuwa ƙamas.

"Wayyo ƙanena! Wayyo ɗan uwana rabin jikina! Sun kashe ni... ke, jirgin sama aka ce ko? Na gaske, mai tashi?"

"Eh, Yaya."

"Wayyo Allah!" Ta fizge takardar ta cusa a jaka. "Ni za ni. Jini ya fi ruwa kauri a wurin jinya. Ke da ma tun da kika sa farar ƙafarki a gidan nan ba mu ga daidai ba, uwa a kwance, ɗa a kwance, saura ni, kuma in sha Allahu na fi ƙarfinki."

Daga nan ta mamaye gadon matar gida, ta shanye shayin Inna, ta sa aka goge mata kaya kala bakwai. Washegari ta yi sammako zuwa ofishin, ta rantse ta maya cewa ita ce mai jinyar uwarta shekara uku cur, matar ƙanen kuwa ba ta san komai ba sai kallon talabijin, ko jinin kaza ta gani sai an yayyafa mata ruwa. Maƙwabciya ce ta kawo labarin. Matar Kofur ta shiga ɗaki ta durƙusa a bakin gado, hawaye na zuba a kan bargo. "Inna, ni me na yi wa Yaya? Ba jirgi nake so ba wallahi, ko a ƙafa aka ce in je zan je. So nake in gan shi da idona, in san waye ke juya shi, waye ke ba shi ruwa... Ya Allah, kai ka san gaskiyata." Tsohuwa ta damƙe yatsunta da hannunta mai lafiya, idonta ya cika taf.

Ranar tafiya Yaya Rediyo ta fito cikin takalmi mai tsini da baƙin tabarau, wai don hasken gajimare. Aka bar maƙwabciya da Inna, aka ɗora wa matar Kofur akwati a ka, ta bi Yaya a baya har ofis tana haɗiye kuka.

Shugabar ofishin wata Saje ce, gajeruwa, mai fuska ba wasa. Ta duba takarda ta ce, "Hajiya, ke ce gwanar jinyar nan? Madalla. Dokarmu ce, duk mai tafiya sai ya gwada mana hannunsa a kan Kurtu." Ta yaye labule. Kurtu dai wani mutum-mutumin roba ne mai nauyin ƙato, kwance a gadon asibiti, ƙafarsa naɗe da bandeji. "Ki juya shi, ki canza zanen gado yana kai, ki wanke ciwon."

"Wannan ai wasan yara ne," in ji Yaya, murya ta ɗan sauka. Ta zagaya gadon sau biyu kamar mai taya akuya a kasuwa, sannan ta kama Kurtu ta wuya ta finciko. Ɓaras! Kai ya fita a hannunta, gangar jiki ta yi ƙasa da ka... wato da inda kai yake a da. Wani soja a bakin ƙofa ya juya yana tari. Da ta sunkuya ta warware bandejin ta ga jan fentin da aka shafa a madadin jini, sai ta saki salati, takalmi ya turguɗe, ta zube a kan Kurtu, tabarau ya yi nasa wuri. Ita aka yayyafa wa ruwa!

Matar Kofur ba ta san lokacin da ta sauke akwati ba. Ganin mutum a ƙasa, ko na roba ne, ya fi ƙarfin zuciyarta. Ta hura tafin hannunta ya yi ɗumi, ta sa gwiwa, ta tallafo shi ta ƙugu da kafaɗa ta mayar gado. "Sannu, yi haƙuri, yanzu za a gama," take ce masa a hankali, alhali ko kai ba shi da shi. Ta naɗe zanen zuwa bayansa, ta juya shi, ta zare ta ɗaya gefen, ta tokare ƙafar da matashi.

Saje ta kama hannuwanta ta juya su. Duk sun tsage saboda sabulu. "'Yar uwa, wa kike jinya?"

"Inna ce, ranki ya daɗe." Sai hawaye shar.

"Ƙarya ne!" Yaya ta farfaɗo daga ƙasa. "To in ta tafi, wa zai kula da uwata? A bar tsohuwa ta mutu?"

"Allah ya kiyaye," in ji Saje, ta soke suna a takarda ta rubuta wani. "Ai ga ki, shekara uku kina yi, kin rantse a gabana. Za mu aiko da nas kullum da safe ta duba tsohuwa, ta kuma duba ki. Kafin nan, mayar wa Kurtu kansa."

Ramin ƙarya ƙurarre ne! Da yamma matar Kofur ta tsaya a bakin gadon mijinta, ƙafarsa rataye da igiya, ya rame ya yi zuru-zuru. Suka kalli juna, ya kama tsagaggen hannun nan ya ɗora a goshinsa, suka yi ta kuka ba mai rarrashin wani.

"Wa kika bar wa Inna?" ya tambaya da ƙyar.

"Yaya."

Kofur ya yi dariya har igiyar ƙafarsa na rawa, sai da likita ya leƙo ya tsawatar. Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Yaya ce, murya a dishe, ana jin ƙarar bokiti a bayanta. "Ke, ta wane gefe ake fara juya Inna? Kuma... tsakaninki da Allah, yaya gajimaren yake ta taga?"

"Ta hagu, Yaya, ki fara ɗumama hannunki." Ta share ido da gefen mayafi. "Gajimare kuwa wallahi ban gani ba. Ina zama barci ya ɗauke ni, rabona da irinsa shekara uku."