Abin da Auta Ta Karanta a Intanet

A ɗakin kwamfutoci na laburaren jami'a suka fara haɗuwa, kuma da faɗa aka fara. Auta, ɗalibar shekarar ƙarshe, tana ta fama da aikin bincikenta, sai ga wata murya irin ta inji tana zuba daga kwamfutar da ke gefenta. Ta juya a fusace.

"Malam, don Allah ba ka da abin sawa a kunne ne?"

Wani dogon saurayi ya ɗago. Hancinsa ya kusa taɓa gilashin kwamfutar, haruffan da ke kai kuwa manya-manya ne kamar na allon talla.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa, wayar abin kunnen ce ta zare ban lura ba. Idona ba ya jure karatu, shi ya sa kwamfutar take karanta min."

Kunya ta rufe Auta. Don ta gyara ɓarnarta sai ta shiga jan sa da hira, har ta faɗa masa cewa ita duk abin da ya fara fitowa in ta yi bincike, shi take kwafa. Dogo, kamar yadda abokansa ke kiran sa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba! Kafin ki yarda da shafi, ki tambaye shi: wa ya rubuta ka, yaushe, kuma a ina ya samo?"

Shi ya nuna mata rumbun mujallun bincike da jami'a ta tanadar wa ɗalibai, wanda ba ta taɓa leƙawa ba. Ita kuma ta gano damuwarsa. Tsofaffin takardun da aikinsa ke buƙata hotonsu aka ɗauka aka ɗora, injin kuwa ba ya karanta hoto, sai ya yi tsit. Auta ta riƙa karanta su da bakinta tana tura masa a waya. Wai taimako ne. Mu dai mun san irin taimakon nan.

Wata rana ya turo mata saƙo: "Muryata, na saurari shafi na tara sau da yawa. Ban fahimci komai ba, don ke nake ji, ba marubucin ba."

Ta mayar masa: "To ka faɗi jarrabawa ka ce ni ce. Ka ci abinci kuwa, Dogona?"

Da maganar soyayyarsu ta isa gidan su Auta, Baba ya ɗaure fuska. Ya ce shi bai raina kowa ba, amma bai ga dalilin da autarsa za ta bar ɗan amininsa, injiniya mai lafiyar ido da ke ta sintiri a ƙofar gida, ta bi wanda gobe sai an ja shi ba. Auta ta jure wannan. Abin da ya karya ta shi ne wani shafi da Yayanta ya turo mata. Shafin ya ce duk mai irin wannan ciwon ido sai ya gadar wa 'ya'yansa, har da hotunan yara. Ta karanta, ta gaskata. Ta daina ɗaga wayar Dogo, ta daina zuwa laburare.

Saƙo ɗaya kawai ya turo: "Muryata, na ji shirunki. Ban yi fushi ba. In wani abu na yi, ki yafe min. In kuma ba ni ba ne, Allah ya sauƙaƙe miki."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma ba ta amsa ba.

Sai da aiki ya tilasta mata ta koma. Ta hango shi a kujerarsa, abin ji a kunne, takarda a buɗe a kwamfuta, injin ya kasa karanta masa. Ya rame. Ta tsaya dab da shi bai gane ta ba sai da ta yi sallama, a nan ta san idon ya ƙara ja baya. Ta zauna ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

Can ya ce a hankali, "Wa ya rubuta shafin?"

Auta ta buɗe wayarta. Babu suna, babu shekara, babu majiya, sai tallan maganin ido a ƙasa.

"Kada ki ji kunya," in ji shi. "Ni ma na karanta irinsa ranar da likita ya fara gaya min, na kasa cin abinci. Tsoro ba ya barin mutum ya yi tambaya. Ga sunan ciwon, ki je ki bincika da kanki. Kada ki ɗauki maganata ma."

Ta bincika yadda ya koya mata, ta kai wa likitan ido abin da ta samo ya fayyace mata. Ciwon Dogo ya samo asali ne daga wata jinya da ya yi yana yaro, ba a gadonsa. Amma a takardun nan ta ga abin da bai taɓa iya furta mata ba: ɗan hasken da ya rage masa ma tafiya zai yi, kuma babu magani. Wannan kukan ya fi na farko ciwo, domin wannan karon gaskiya ce.

Ta zauna gaban Baba ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara, sannan ya ce, "To, jikokina sun tsira. Ke fa, Auta?"

"Baba, na karanta duka, har inda babu daɗi. Na san abin da zan shiga. Shi nake so."

Baba ya yi ta juya maganar, Mama na lallaɓa shi, har ya aika aka kira Dogo suka keɓe. Ba wanda ya san abin da suka ce, an dai ga Baba ya fito yana goge gilashin idonsa.

Da muryarta Dogo ya kammala aikinsa. Bayan sun gama karatu aka ɗaura aure, lokacin kuwa ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Bai ga amaryarsa ba. Da aka kai shi kusa da ita ya ce, "An ce kin yi kyau, Muryata. Wannan dai na yarda ba tare da bincike ba." Ta yi dariya hawaye na zuba.

Da za su fita, akwai matakala a bakin ƙofa. Abokan ango suka yunƙura, Baba ya ɗaga musu hannu. Shi da kansa ya kama hannun Dogo.

"Taka a hankali, ɗana, saura ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Kowa ya ce amin.