Albashin Abuja, Waken Digil

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To, ku gyara zama.

A kasuwar Mubi Dorathy ta fara ganin Zacharia, ranar da ta kawo waken babanta daga ƙauyensu Digil. Shi Zacharia malamin makaranta ne a unguwar Yelwa, nan cikin Mubi. Ya sayi mudu ɗaya, washegari ya dawo ya sayi wani, har ta tambaye shi ko shi da ɗalibansa ke cin waken nan. Ya ce mai awon yake zuwa gani. Tun daga ranar take kiransa Malamina, shi kuma Dori.

Da maganar aure ta taso, Baba Vandi, mahaifinta, ya tambayi albashinsa. Dubu saba'in. Tsoho ya girgiza kai. Ya ce Clinton ɗan maƙwabcinsa, wanda shi ma yake son yarinyar, dubu ɗari biyu yake karɓa a Abuja, 'yarsa ba za ta zauna a kan saba'in ba.

Zacharia bai yi gardama ba. Ya nemi koyarwa a Abuja, aka ba shi dubu ɗari da casa'in, ya tafi.

Ai Dorathy ta ga zaman jira. Tana awo, idonta na kan lungun da yake ɓullowa. Wata rana ta cika wa wata mata mudu biyu a kuɗin ɗaya, ba ta sani ba. Bayan albashin farko saƙonsa ya shigo:

"Dori, sun cire haraji da fansho. Ɗaki a Mararaba dubu hamsin, motar zuwa aiki sittin, ruwa ma a jarka nake saye. A Yelwa da ƙafa nake zuwa makaranta, ɗakina dubu takwas, har ina ajiye ashirin. Nan saura dubu tara a hannuna, wata bai raba ba. Duk da haka ba su ne suka fi damuna ba. Ke nake so in gani."

Ta rubuta: "Malamina, me ka ci yau?"

"Burodi."

Ta daɗe tana kallon kalmar nan. Da safe ta shiga rumbun babanta ta auna wake, ta haɗa da gyaɗa da daddawa, ta kai wa Garba direba a tasha, ya kai wa Zacharia Abuja. Haka ta riƙa yi duk wata.

A wata na biyar Baba Vandi ya ga buhun wakensa ya rame. Ya yi ta faɗa da ɓeraye, har ya ce zai sayo magani. Mama Susana, mahaifiyar Dorathy, wadda ta san komai tun farko, ta ajiye tsintsiya.

"Baban Dorathy, ɓeran nan a Abuja yake. Kai ka tura shi can."

Ta sa Dorathy ta karanta masa saƙon nan na lissafin albashin Zacharia, yarinya ta karanta, ta tsallake layin ƙarshe. Tsoho ya ce ai Clinton kam yana jin daɗi. Mama ta ce ya tambayi Garba, masarar uwar Clinton a mota ɗaya take tafiya da waken nasa.

Baba Vandi ya karɓi wayar, ya ce a kira masa malamin.

"Zacharia, ɗana, dawo gida. In dai wakena za ka ci, zo ka ci shi kusa. Kuɗin motar Garba ya ishe ni."

Bayan girbi aka ɗaura aure a coci, dattawa suka sa musu albarka. Zacharia ya koma makarantarsa ta Yelwa, da ƙafa yake zuwa. Dorathy tana awonta a kasuwa, mudu bai ƙara ɓace mata ba. Baba Vandi ya ba su buhun wake guda, wannan karon da hannunsa. Clinton yana Abuja har yau, uwarsa tana aika masa masara duk wata.