Takardu Uku a Durowar Keken Ɗinki

Ranar da Inna ta zo ne keken ɗinkin ya ga damar yin gardama. Matar gidan, wadda duk unguwa ke kira Tela, tana ta fama da zare yana tsinkewa, surukarta kuwa ta zauna bakin gado tana ƙare wa rigunan jariran da aka rataye kallo.

"Shekara huɗu kina ɗinka wa 'ya'yan mutane," in ji Inna. "Namu fa, sai yaushe? Ni dai na gaya wa ɗana haƙurina ya kusa ƙarewa."

"Allah ya kawo, Inna," Tela ta ce, kanta a ƙasa. Sai da tsohuwar ta fita ta bar hawayen suka zubo.

Akwai abin da ba wanda ya sani. Mararta ta daɗe tana ciwo. Sau uku tana zuwa asibiti, sau uku nas na cewa ciwon sanyi ne, irin wanda ake ɗauka wajen saduwa, wanda in ya daɗe yake toshe hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Kowane zuwa a ba ta magani da 'yar takarda: ki zo da mijinki. Maganin ta shanye, takardar ta cusa a durowar keke. Da wane baki za ta faɗa? Shi ƙalau yake, zai ce ina ta samo. Ciwon kuwa ya lafa wata biyu ya dawo, kamar baƙon da ya gane hanya.

Sai dai baiwar Allah ta manta wanda ta aura. Mijinta gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, Injiniya take kiransa don tsokana, kuma a kan wannan keken ma suka fara haɗuwa. Da ya dawo da yamma ya ji ƙararsa, sai ya ja durowa neman kwalbar mai.

Ya karanta takardun ɗaya bayan ɗaya.

"Injiniya, wallahi ban taɓa—"

"Kar ki rantse." Ya zauna a ƙasa gabanta. "Kafin aurenmu na yi wauta, kuma na kwashi ciwo. Na sayi ƙwayoyi a kemis, kwana biyu na ji sauƙi na watsar da sauran. Na ɗauka ya tafi. Ashe ke kina sha, ni ina mayar miki."

Ta ji haushinsa ƙwarai, ta kuma faɗa masa, har da kuka. Amma ƙarƙashin haushin wani dutse ne ya sauka daga ƙirjinta.

Washegari suka tafi tare. Likita ta gwada su, ta rubuta wa kowa nasa, ta ce su shanye duka, su kuma ƙaurace wa juna har sai an gama.

"Kai mai gyara ne," ta ce masa. "Kana ɗaure rabin noti ka ce aiki ya kammala?"

Bayan 'yan makonni aka yi wa Tela hoton mahaifa.

"Hanya ɗaya ta toshe," in ji likita. "Ɗayar a buɗe take sarai, kuma ɗaya na iya wadatarwa. Da kun ƙara shekara, da wata maganar ake."

Daga can gidan Inna ya nufa da ita, ya faɗi komai da bakinsa. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Inna ta dalla masa harara.

"Ashe ɓarawon na ɗakina nake zagin maƙwabta." Ta kamo hannun Tela. "Ki yafe mini, 'yata."

Bayan wata goma sha ɗaya, Inna ta tarar da wata 'yar riga a kan keke, ta tambaya ta wace ce.

"Wannan ba ta sayarwa ba ce, Inna," in ji Tela, tana shafa cikinta.

Tsohuwar ta rungume rigar ta fashe da kuka.

Mahaƙurci mawadaci ne, gaskiya, amma haƙuri daban, ɓoye ciwo daban. Cutar da mutum biyu ke ɗauke da ita, mutum biyu ke shan maganinta.