Geron Kalla a Masakin Ziyara

Bushira tana wanke babban masaki a tsakar gida, wayarta na kan turmi. Ta wanke, ta leƙa waya, ta koma wanki.

"Ke, telefon ɗin nan zai gudu ne?" in ji mahaifiyarta Inna Fatsima.

"Rezo ne babu, Inna, kira ba ya shiga."

"Rezon ko mai rezon?"

Bushira ta sunkuyar da kai. Mai rezon shi ne saurayinta Faruƙ, jikan tsoho Kalla na bayan dutse. Ya daɗe a Abijan yana tsaron butik, wato kanti, ya yi alkawarin zuwa kafin ziyara. Ga shi ziyara gobe ce.

Gidansu Bushira ke kula da kabarin Malam Mai Tsamiya, waliyin wani ƙauye a kwarin Buza. Kowace bazara, kafin ruwan farko, ana ziyara, a taru a yaɓe katangar kabarin, a yi sauka, a raba fura. Kowane gida ya zuba tafin geron shukarsa a masaki ɗaya. Budurwa daga gidan masu kula ta gauraya, liman ya yi addu'a, kowa ya ɗebi tafi guda ya haɗa da abin da zai shuka. Gidan Kalla ne kaɗai ba ya zuwa. Kakanninsu Azna ne, masu yanka a kan dutse. Sun daɗe da musulunta, amma tun da aka taɓa korar uban Kalla daga taron, ba wanda ya sake taka wurin a cikinsu.

Mahaifin Bushira, Malam Abdulmumin, ya shigo da ƙanensa Tasi'u a baya, suna cikin gardama.

"Yaya, ɗiyar gidan waliyi ta tahi gidan masu dutse? Mi mutane za su ce?"

"Sahunmu ɗaya da yaron a masallaci, Tasi'u."

"Masallaci na kowa ne! In su namu ne, ina geronsu cikin masaki?"

Malam ya juyo ga 'yarsa.

"Kin ji baffanki. In gobe ta wuce ba wanda ya zo daga gidansu, maganarga ta mutu. Ba ni tilasta miki wani, amma wannan kam ki manta."

"To, Baba," kawai ta ce. Hawayenta ya ɗiga cikin masakin, ta sake ɗauraye shi.

Da la'asar waya ta shigo, muryar Faruƙ na yankewa.

"Bushira, kamyon da na hau ya yi pan, motar ta lalace, ko Gaya ba mu kai ba. Wallahi ba ni isowa gobe!"

"To tsoho fa?"

"Na roƙe shi har na gaji. Ya ce ƙafarsa ba ta taka inda anka kori ubansa. Ki bari in na iso mu tahi Tawa, a ɗaura aure a can."

"A'a, Faruƙ. Ba ni fita gidanmu ta baya. In rabo ne, zai same ni a nan."

Rezo ya ɗauke. Ta daɗe tana riƙe da wayar a kunne.

Gari ya waye da zafi. Mutane suka cika gindin tsamiya, daga Keita har Galma, wasu a kan jakuna, wasu a moto. Samari na cuɗa laka, mata na jera tulunan fura, yara na goga ƙasar katangar a goshi. Bushira ta durƙusa da masaki a gabanta. Gida bayan gida ana zubawa. Idonta na kan hanyar bayan dutse, ba ta ganin komai sai awaki. Ta tuna yadda Faruƙ kan tsaya nesa a irin wannan rana, yana kallon taro kamar baƙo a garinsu.

"Gauraya mana, rana na yi!" in ji Tasi'u.

Ta sa hannu a hankali, a hankali ƙwarai. Sai ta ji taro ya yi tsit. Tsoho Kalla ne, da sanda, da ɗan ƙulli a bakin rawani. Bai gai da kowa ba. Ya zo ya tsaya a kanta.

"Ke ce wadda ta ƙi bin jikana Tawa?"

"Ni ce, Kaka."

"Da kin bi shi, da ban zo ba. Shi ya kira ni yana kuka kamar jinjiri. Riƙe da kyau."

Ya kwance ƙullin, ya juye geronsa.

Tasi'u ya zabura. "Wa ya ba shi izini? A hidda geronsa! Bushira, tsince shi!"

Ta ɗago kai ta dubi mahaifinta. Malam Abdulmumin ya matso, ya durƙusa, ya tura hannunsa har gwiwar hannu, ya juya geron da kansa.

"Bismillah, Tasi'u," ya ce. "Tsince. Muna jiranka."

Wata tsohuwa ta fashe da dariya, taro ya ɗauka. Tasi'u ya leƙa masakin, ya ja tsaki, ya koma gefe. Da liman ya shafa fatiha, Malam ya ɗebi tafin farko ya zuba wa Kalla a rawani. Tsohon ya ƙulle, gemunsa ya jiƙe da hawaye. Tasi'u ma ya ɗebi nasa, domin ba mai son shuka ba tare da geron ziyara ba.

Faruƙ ya iso bayan an watse da kwanaki, ya yi baƙi, ya rame, da kado, wato tsarabar turare da ya zube rabi a hanya. Bushira ta hango shi daga bakin rijiya. Ba ta gudu ba, ba ta yi kira ba. Ta sauke tulu ta zauna tana kallonsa.

Bayan girbi aka ɗaura aure, kuma Tasi'u ne waliyyin amarya.

Yara, ku riƙe wannan. Wanda ya yi haƙuri da iyayensa bai yi asara ba. Kuma kada ku kama mutum da abin da kakansa ya yi. Shi ke nan maganata.