Ɗinkin Hannun Hagu

Marin da Kawu ya ɗauke ta da shi sai da gilashin walda ya tashi daga kanta ya tarwatse a kan siminti, a gaban ma'aikata sama da goma, da safiyar Allah! Ba ta kai ga ajiye sandar waldar da ke hannunta ba ya ƙara mata na biyu. "Kin kashe ni, 'yar baƙin ciki! Matakalar da kika haɗa a rumbun kaya ta karye, lebura yana asibiti da karyayyar ƙafa, ga lambarki nan a jikin ƙarfen!" Bahaguwa ta dafe kunci, hawaye na sauka a kan rigar aikinta mai ƙunar tartsatsi. "Kawu, wallahi ban taɓa wannan mahaɗar ba... na ce ba zan yi ba, sandunan sun sha damshi..." Ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, ita kuma take kira Yaya, yana tsaye da farar riga da takardu a hammata, ya taɓe baki. "Baba, ka ji ta ko? Abin da ya sa na ce kada a ba 'yan koyo aikin da rai ke kai."

Wai shi ne mai faɗin haka! Shekararta bakwai iyayenta suka rasu, Kawu ya ɗauko ta, matarsa Inna ta mayar da ita jakar gida. Sunan Bahaguwa ma ba don so aka raɗa shi ba. Sau nawa Inna ta ƙwala mata ludayi a wuyan hannu don ta daina rubutu da hagu, har ta koyi karkata alƙalami da dama tana kuka. Da ɗan gida ya gama sakandare aka kai shi jami'a da akwatuna, ita kuwa da ta gama aka tura ta cibiyar koyon sana'a, Inna na cewa, "Ta je ta ƙone can, dama hannun nata ba na alheri ba ne." Ashe gaba aka kai ta. Shekara huɗu tana kwana uku a aji, kwana uku a kamfanin Kawu ƙarƙashin wani dattijo da ake kira Baba Mai Walda, har ta kai matsayin da aka ba ta hatimin ƙarfe mai lamba ashirin da bakwai. Ƙa'idar aikin ita ce duk mahaɗar da mutum ya ɗinke da walda ya buga lambarsa a gefe da guduma, don a san hannun wa ke nan. Saura mata mako uku ta yi jarrabawar ƙarshe ta karɓi takardar ƙwarewa, abu ɗaya tak da take da shi a duniya wanda ba sadakar kowa ba ne.

To ga shi an jefa shi a wuta. Kafin azahar Kawu ya rubuta wa cibiyar, aka dakatar da ita. Da ta koma gida ta tarar da kayanta a ƙofa cikin buhu, Inna na tsaye ta riƙe ƙugu. "Tsintacciyar mage ba ta mage! Mun ci da ke, mun shayar da ke, sakayyar ke nan? Ki ɓata wa ɗana suna?" Ta durƙusa ta kama gefen zanen matar. "Inna, ki dubi Allah... watan jiya da idon Yaya ya kumbura, wa ya zauna yana sa masa tsumma mai sanyi kwana biyu? Ni ce zan cuce shi?" Aka fizge zanen, aka bugo ƙofa. Baba Mai Walda, wanda shi kaɗai zai tsaya mata, yana kwance wata biyu ke nan da ciwon ƙirji. Gidansa ta nufa, matarsa ce ta shimfiɗa mata tabarma a falo. Ta je asibiti duba leburan, matarsa ta tofa mata yawu a takalmi. Ta dawo ta kifa goshi a ƙasa tana shessheƙa: "Ya Allah, ba ni da uwa, ba ni da uba, ba ni da shaida... Kai ka ga hannuna."

Ranar zaman bincike aka taru a ɗakin gwaji na cibiyar. Mai binciken da hukuma ta turo tsoho ne siriri, da tabon ƙuna a bayan hannu. Ya sa an yanko karyayyar mahaɗar an kankare fentin, an ɗora a kan tebur. Lamba ashirin da bakwai tana nan ɓaro-ɓaro. Injiniya ya miƙe ya yi minti goma yana zuba Turanci a kan nauyi da lissafi, Kawu na gyaɗa kai kamar ƙadangare, Inna na fifita da mayafi. Tsohon ya juya ga yarinyar. "'Yata, ga ƙarfe biyu, ga inji. Haɗa min su a kwance, kamar yadda waccan take."

Ta sauke gilashi a fuska, ta ɗauki mariƙin sandar walda da hagu. Inna ta ja tsaki har ana ji. Wuta ta tashi shuɗiya, hannun ya bi layin a natse daga dama zuwa hagu. Da ta ƙwanƙwashe dattin, ɗinkin ya fito jere, sumul, kamar ɓawon kifi. Tsohon ya ajiye shi kusa da karyayyen, ya kira kowa ya matso.

"Ɗinki yana nuna inda ya faro da inda ya ƙare. Nata daga dama ya taso, haka sauran mahaɗai talatin da na duba a matakalar, duk suna nan daram. Wannan da ta karye daga hagu ta taso, hannun dama ne, kuma hannun da bai taɓa koyo ba. Ku dubi ramuka kamar gara ta ci. Kashin kaza aka ɗiga a kai aka rufe da fenti." Ya buɗe littafin aikinta, ya karanta da ƙarfi: ranar sha huɗu ga wata, mahaɗa ta ƙarshe, sanduna sun jiƙe, ban yi ba, na sanar da Yaya. Ya rufe littafin. "Wanda ya yi wannan ina kyautata zaton ko gilashi bai sa ba, don ya ɗauka wasan yara ne. Washegari idonsa zai yi jajir, ya kumbura kamar an zuba masa yashi. Akwai wanda ya yi ciwon ido a tsakiyar watan jiya?"

Mayafin Inna ya tsaya a iska. Kawu ya juya a hankali ya dubi ɗansa.

"Baba... masu aikin ne suka matsa sai an miƙa ranar Litinin... ita ta ƙi yi, na ga ai ba komai ba ne, narka ƙarfe ne kawai... hatimin yana cikin jakarta a gida..."

"Ba komai ba ne?" Muryar Bahaguwa ta fashe, shekara goma sha biyar na haɗiye magana suka fito lokaci guda. "Shekara huɗu nake ƙonewa, Yaya! Dubi hannuna! Ka saci lambata, ka karya ƙafar bawan Allah mai 'ya'ya huɗu, na zauna ina jinyar idon da ka ƙone wajen binne ni, kana kallo aka mare ni, kana kallo aka watsar min da kaya! Me na tare muku? Maraici ne laifina?" Kawu ya zame a kan benci ya rufe fuska da hula.

Ramin mugunta dai a gina shi gajere. Hukuma ta soke lasisin Injiniya ta miƙa shi kotu, kamfanin Kawu ya rasa kwangilar da ma waɗanda ke bayanta, Inna ta daina fita ko bakin titi. Matar leburan ta zo har gidan Baba Mai Walda ta durƙusa tana kuka, Bahaguwa ta ɗaga ta suka yi kukan tare. Cibiyar ta janye dakatarwar, ta zauna jarrabawarta a ranar da aka sa tun farko, ta fi kowa, kuma tun kafin sakamako ya fito wani kamfanin haɗa bututun ruwa ya aiko mata da takardar ɗaukar aiki.

Ranar karɓar shaida, Baba Mai Walda ya zo yana dogara sanda, mai binciken nan ne kuma ya miƙo mata rajista da alƙalami. Hannunta na hagu ya fara miƙewa, sai ta janye shi da sauri ta kawo na dama, kamar yadda ludayin Inna ya koya mata. Tsohon ya janye alƙalamin.

"A'a, 'yata. Da wanda ya yi aikin."

Ta sa hannu da hagu, hawaye na ɗiga kusa da sunanta, Baba Mai Walda na share nasa da hannun riga yana cewa, "Alhamdulillahi, mai haƙuri ya dafa dutsensa."