Muryar da Ta Ɓace a Kwamfutata

"Wai shi Mai Gyara kurma ne?" in ji Anti.

"Rowar magana ce kawai," in ji Yaya. "Ka kai masa kwamfuta, ya gyara ya miƙo maka, ko sannu babu."

Ina jinsu.

Tun da idanuna suka mutu, Mai Gyaran nan ne ya sa mini manhajar kyauta mai karanta rubutu a tsohuwar kwamfutata. Kullum ya rubuto saƙo, wata murya mai kauri da sanyi ta karanta mini.

"Sanyin raina, kin tashi lafiya?"

Da wannan muryar na san so.

Da kwamfutar ta fara sanƙarewa sai ya karɓa, ya sauke mata tsarinta kaf, ya ɗora wani daban, wai ya fi sauri. Bai tambaye ni ba.

Ranar da aka dawo da ita, a falo na kunna.

"Sanyin raina, na yi kewarki," in ji wata mace, da siririyar murya ta hanci.

Faranti ya suɓuce wa Anti.

"Innalillahi! Wace ce wannan?"

"Shi ne, Anti..."

"Shi wa? Mace ce fa, ƙiri-ƙiri!"

Yaya ya yi dariya har da tari. Ashe manhajar sabon tsarin ba ta da waccan muryar. Na lalubi ko'ina, babu ita.

Kaina ya ɗaure. Kalmomin nasa ne, babu wadda ta canza, amma zuciyata ko gezau. To wa nake so? Shi, ko abin da ya goge?

Na daina ba shi amsa.

"Ni ba zan ba da ƙanwata ga wanda inji ke yi wa zance," in ji Yaya. "Ya zo ya buɗe baki, ko ya haƙura."

Ya zo da la'asar. Na ji ƙamshin sabulunsa, na ji ya ja kujera, sai ƙas-ƙas ɗin yatsunsa a kan kwamfutar.

"Ki yi haƙu..." matar ta soma.

Na kife murfin.

"Ba nata nake so ba."

Anti ta yi tsaki daga ƙofar kicin.

"K-k-k..."

Ya tsaya, yana haki kamar wanda ya yi gudu. Sai a lokacin na gane. In'ina ce, ba rowa ba.

"Ƙyale shi, Yaya," na ce, don na ji ya motsa. "Ina da lokaci."

Muryar Mai Gyara ba kauri, ba sanyi, rawa ma take yi. Amma sai na ji tsigar jikina ta tashi.

"S-s-sanyin raina... na ɗ-ɗauke miki abinki ban t-tambaya ba. Ki y-yafe mini."