Ɓarawon da Bai Bi Ta Ƙofa Ba

Ran Alhamis ta biyu bayan ƙaramar sallar 1975, da la'asar sakaliya, Malam Ɗantsoho Direba ya murza makullin bas ɗinsa a kangon da ke bayan gidansa a Ƙofar Sauri. Inji ya juya, bai kama ba. Ya sake murzawa sau uku, sannan ya ɗaga murfin inji. Inda injekta take, wato famfon da ke raba wa inji man gas, babu komai sai bakunan bututu a sake.

Sufeto Sammani ya iso daga caji ofis kafin magariba. Bayan doguwar gaisuwa ya zagaya motar sau biyu. Tsohuwar bas ce mai hancin biri, irin wadda aka daina shigowa da ita tun kafin 'yancin kai. An yi mata sabon fenti kore, an ɗaura tankin ruwa da taya biyu a samanta, tagoginta duk da labule.

Ɗantsoho ya ba da bayaninsa a tsaye. Shekara ashirin da shida yana tuƙa wannan motar, yana kai maniyyata Maiduguri ya juyo. Bayan ya aje aiki sai ya tarar da ita a bayan wata tasha, awaki na haihuwa a ciki. Ya saye ta, ya yi shekara biyu yana gyara. Ya fidda kujeru, kafinta ya kafa gado da kabad, aka keɓe wurin risho da wurin alwala. Niyyarsa ya tuƙa kansa da matarsa Delu har bakin teku a Sudan, su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ayarin motocin da za su bi zai bar Maiduguri ran Laraba, don haka tilas su bar Katsina ran Lahadi. Wanda ayari ya tafi ya bari, shi da hajji sai baɗi.

Sammani ya tambaya ko ba a samun wata injekta a Kano. Tsohon ya ce ko a Legas babu. Yanzu kuɗi sun zo, kowa sabuwar mota yake saye, kayan tsofaffi an narkar da su an yi tukwane.

Sammani ya tambayi lokacin da aka bar gidan ba kowa. Ɗantsoho ya ce daga hantsi zuwa la'asar, don duk sun tafi suna a Kambarawa.

Ƙofa ɗaya ce da bas ɗin, a can baya, kuma ba ta kulluwa tukuna. Ƙofar direba an liƙe ta da walda saboda ɓarayin hanya. Sammani ya tuɓe takalmi ya shiga. Ɗaki ne sosai: leda a ƙasa, gado da rufi, jeren kwalla da langa an tokare su da katako kada su zube, rediyo sabuwa fil a kan kabad. Ba a taɓa ko cokali ba. Can gaba, kusa da kujerar direba, murfin inji yake, maƙalai biyu kawai ke riƙe da shi.

Ya fito ya durƙusa gefen tayar gaba. Ƙasa ta nuna inda aka kafa jak, da inda mutum ya shimfiɗa kwali ya kwanta rigingine. An kwance farantin ƙarfen da ke kare inji daga ƙasa, an kuma mayar da shi. Da ya haska tocila ya ga abu uku. Kowane bakin bututu an toshe shi da farin ƙyalle mai tsabta. An ja layi da alli a inda injekta ke haɗuwa da inji. Notocin kuma an mayar da kowane a kan ƙusarsa.

Ya rubuta su a littafinsa, ya ce kada kowa ya taɓa motar.

Ran Juma'a da safe ya fara da Lawwali makaniki, wanda ya yi aikin injin tun daga farko. Ya same shi a garejinsa yana cin ƙosai a kan bonet. Lawwali ya ce yana wurin suna, shi ma ya riƙe ragon da aka yanka, mutum talatin sun gan shi. Da Sammani ya gaya masa ta ƙasa aka bi, sai ya aje ƙosan.

"Ta ƙasa? Ranka ya daɗe, wanga ko jaki ne ko waliyyi. In ka ɗaga murfi daga ciki, minti ashirin ka gama. Ta ƙasa kau sai ka yi awa biyu, kuma sai ka bar fatar hannunka a wurin."

"Kai kana sa alama da alli?"

"Ni da ƙusa nake karta. Alli na 'yan makaranta ne, masu satifiket."

Sammani ya duba hannuwansa. Baƙin mai ne kawai, babu sabon ciwo.

Na biyu shi ne Babaji, mai sayar da tsofaffin kayan mota a bayan kasuwa. An san sun yi cacar baki da Ɗantsoho, don Babaji ya nace a sayar masa da injin ya kai ƙauye a yi niƙa da shi. Babaji bai musa ba. Ya ce har yanzu yana ganin asara ce a kai inji mai lafiya a kashe a rairayin Cadi. Amma ran Alhamis yana Kano, kuma direban da ya kai shi ya dawo da shi yana nan a tasha. Sammani ya aika aka tambaya, aka tarar haka ne. Kafin ya tafi ya tambayi Babaji yadda kayan sata ke zuwa kasuwa. Babaji ya rantse shi bai taɓa saye ba, amma ya ji an ce da zarto ake yanke bututu, a fizge abu a ruga. Ɓarawon da zai tsaya yana ɗaure bakin bututu da ƙyalle, in ji shi, ai ungozoma ce.

Bayan masallaci Sammani ya zauna a ofis ya jera abin da ya sani. Mai toshe bututu ba ya son ƙasa ta shiga inji. Mai jan layi da alli yana nufin injektar ta koma daidai inda ta fito. Ke nan ba don sayarwa aka ɗauke ta ba, aro ne ba da izini ba. Kuma mutumin ya san inji sosai. Abin da ya rage shi ne, me ya sa gwani zai bar buɗaɗɗiyar ƙofa a gidan da ba kowa, ya kwanta a ƙasa awa biyu?

Ya koma Ƙofar Sauri ya nemi izinin magana da Delu. Ta zauna daga bayan labulen zaure, mijinta na gefe. Ya tambaye ta yaushe ta yi jere a motar. Ta ce ran jajibirin salla. Ya tambayi waɗanda suka shiga tun daga ranar. Ta ce ai unguwa duka ta shiga kallo, mata da yara, Lawwali kullum yana ciki, kafinta ma haka, har liman sai da ya shiga ya yi addu'a.

"To, Gwaggo, cikin masu zuwa gidan nan, wa bai shiga ba?"

Can ta ce, "Mijin yarinyar nan. Shi ai ba ya shiga. Ɗakina ne yanzu."

Yarinyar nan ita ce Saudatu, 'yarta ta fari, wadda ba ta faɗin sunanta. Mijin kuwa Rabe ne, babban makanikin wani kamfani da ke shimfiɗa kwalta a hanyar Daura. Ɗantsoho ya ce kafin jere Rabe ya sha shiga ya duba masa inji, amma tun da aka kafa gadon surukarsa, daga bakin kango yake gaisuwa ya juya. Ya ce kuma Rabe yana wurin suna. Sammani ya tambaya ko ya gan shi da azahar. Tsohon ya ce bai tuna ya gan shi ba.

Ran Asabar da ƙarfe takwas na safe Sammani ya isa yadin kamfanin. Manyan motocin gyaran hanya sababbi ne a jere, wasu ko ledar kujera ba a cire ba. Rabe mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, da farar rigar aiki, da guntun alli a maƙale a kunne. Ya miƙo hannun dama suka gaisa, na hagu yana aljihu.

"Malam Rabe, ƙarfe nawa ka bar wurin suna?"

"Na ɗan fita da hantsi. Aiki ya taso."

"A littafin maigadinku ba ka shigo nan ba ran Alhamis. Mu ga hannun hagun."

Rabe ya daɗe kafin ya fiddo shi. Bayan yatsu huɗu duk a saɓule, an shafa jan magani.

Sammani ya yi maganarsa a hankali, kamar mai karanta rahoto. Ya ce ɓarawon kasuwa zai yanke bututu ya haɗa da rediyo. Lawwali, in da shi ne, ta ciki zai bi, don kullum ta nan yake bi. Baƙo ma ta ƙofa zai shiga, tunda a buɗe take. Mutum ɗaya ne a Katsina da ya san injin nan, ya san ranar da gida ba kowa, amma ƙafarsa ba za ta iya ratsa gaban gadon Delu ba ko da babu mai ganinsa.

"Ka iya ɗauke wa surukinka hajji," in ji shi, "amma ka kasa taka ɗakin surukarka. Ina take?"

Rabe ya buɗe but ɗin motarsa. Injektar tana naɗe a cikin buhu, an shafe ta da mai.

Bai nemi ya kare kansa ba. Ya ce direbobin kamfaninsu da ke zuwa Maiduguri suna kawo labarin hanyar Cadi: 'yan tawaye na tare motoci, akwai inda za a yi kwana biyu ba rijiya. Saudatu na da ciki wata bakwai, ta daina cin abinci. Ya samo wa tsofaffin kujerar jirgin sama daga Kano, Baba ya ce shi ba kaya ba ne da za a loda shi. Ya roƙa, ya turo abokan Baba sun roƙa. Nufinsa ayari ya tashi ran Laraba, ran Alhamis ya mayar da injektar, sannan ya sake kawo maganar jirgi.

"Ranka ya daɗe, kai hukuma ce. Ka hana shi."

"Doka ta hana sata," in ji Sammani. "Ba ta hana tsoho tafiya Makka ba."

Da hantsi aka haɗu a caji ofis, injektar na kan tebur. Sammani ya bayyana wa Ɗantsoho cewa in ya tsaya kan ƙara, kayan zai zauna a matsayin shaida har alƙali ya yanke hukunci, abin da zai kai wata guda. In ya janye, yanzu zai ɗauki abinsa. Rabe na durƙushe, kansa a ƙasa.

Tsohon bai dube shi ba. Ya ɗauki injektar ya jujjuya, ya shinshina, ya gwada kowane noti da yatsa.

"Ba a taɓa cikinta ba?"

"Ba a taɓa ba, Baba."

"Sufeto, na janye. Ba don shi ba, don ɗiyata, kuma don Lahadi gobe ce." Ya miƙe da kayan a hammata. A bakin ƙofa ya tsaya, har yanzu bai juyo ba. "Malam Rabe, hanyar da kake jin labarinta, na san masu binta tun ba a haife ka ba. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Na san haka kafin in sayi fenti."

Lawwali ya mayar da injektar kafin azahar, inji ya kama a murzawa ta biyu. Ran Lahadi da ƙarfe shida da kwata bas ɗin ta fita ta Ƙofar Ƙaura, Ɗantsoho a sitiyari, Delu a bayan labule. Rabe ya bi su a motarsa har Maiduguri, ya ga tashin ayari, ya juyo shi kaɗai.

Kwana ashirin da uku babu labari. Sammani ya rufe fayil, amma duk ranar da ya bi ta Ƙofar Sauri sai ya tsaya ya tambaya. A rana ta ashirin da huɗu wasiƙar Ɗantsoho ta iso daga Fashir, a ƙasar Sudan. Layi huɗu ce, uku daga ciki a kan lafiyar inji. Rabe aka rubuto wa ita.